Bibrakte: Birnin Kan Dutse Da Jikokinsa Suka Manta Inda Yake

A wannan fitowa ta mujallarmu ta shekara-shekara mun ga ya dace mu ɗan ɗauke hankalin masu karatu daga batun rijiyoyin burtsatse da gyaran azuzuwa, mu kai su can tsakiyar ƙasar Faransa, yankin da ake kira Morvan a lardin Burgundi, inda wani dutse mai suna Beuvray yake tsaye. Tsawonsa mita 821 ne daga doron teku. Wanda ya hau shi a yau ba abin da zai fara gani sai kurmi mai duhu da hazo da sanyi. Amma shekaru dubu biyu da 'yan kai da suka wuce, a kan wannan dutse akwai birni mai ganuwa da ƙofofi da kasuwa da unguwar maƙera, wanda masana suka ƙiyasta mazaunansa tsakanin mutum 5,000 zuwa 10,000. Sunansa Bibrakte. Ba yaƙi ne ya ci shi ba, ba kuma gobara ko annoba ba. Mutanensa ne da kansu suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka koma sabon gari a kan hanya, har aka wayi gari jikokinsu suna musu da juna a kan inda tsohon birnin yake. Wannan ne dalilin da ya sa muka zaɓo shi, mu da yawancinmu muke karanta wannan mujalla a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko.

Su wane ne masu birnin?

Mutanen da suka gina Bibrakte suna daga cikin al'ummar da ake kira Kelt, wato jinsin ƙabilu masu harsuna 'yan uwan juna da suka bazu a Turai tun daga tsibiran Birtaniya da Ailan har zuwa ƙasar Cek da Hangari, wasu ma suka ƙetara har cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ragowar harsunansu suna nan a Wales da Ailan da arewa maso yammacin Faransa. Rumawa suna kiran ƙasar da ta zama Faransa da sunan Galiya, kuma a cikinta akwai ƙabilu masu yawa, kowace da ƙasarta da majalisarta. Ɗaya daga cikin mafiya ƙarfinsu ita ce Eduwi, wadda ƙasarta take tsakanin kogin Loire da kogin Saône, kuma Bibrakte ne babban birninta.

Waɗannan mutane ba su bar mana tarihinsu a rubuce ba. Malaman addininsu na gargajiya, waɗanda ake kira duruwid, sun hana a rubuta iliminsu, sai dai a haddace, ko da yake suna amfani da haruffan Girkanci wajen lissafi da harkokin yau da kullum. Saboda haka abin da muka sani game da su ya zo ta hanya biyu ne: bakin wanda ya ci su da yaƙi, wato Yuliyas Kaisar, da kuma abin da ƙasa ta ɓoye. Dole mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin labarin da mai nasara ya bayar ba ya rasa gishiri.

An kafa birnin ne wajen ƙarshen ƙarni na 2 kafin Miladiyya. Ganuwa biyu aka yi masa. Ta farko, wadda take daga waje, tsawonta ya kai kilomita 7, ta kewaye fili mai faɗin hekta 200. Daga baya aka ja da baya aka gina ta ciki, mai tsawon kilomita 5 da ɗan ɗori, ta kewaye hekta 135. Yadda suke gina ganuwar ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya sha bamban da namu na tubali da jar ƙasa. Sukan shimfiɗa gungumen itatuwa a ƙasa, wasu a tsaye wasu a gicciye kamar saƙar asabari, su haɗa su da manyan ƙusoshin ƙarfe masu tsawon taƙi guda ko fiye, su cike tsakaninsu da ƙasa da tsakuwa, sa'an nan su jera duwatsu a fuskar da take kallon waje, ta yadda kawunan itatuwan suke leƙowa a tsakanin duwatsun. Sai su sake wani jeri a kai, haka har ginin ya tashi. Kaisar da kansa, da ya ga irin wannan ganuwa a wani birni mai suna Avarikum, ya yaba mata, ya bayyana cewa dutsen yana kare ta daga wuta, itacen kuma yana hana gungumen fasa ganuwa ya rusa ta. Mai karatu ya auna yawan itacen da aka sare, da yawan taman da aka narka don ƙusoshi kaɗai, a ganuwa mai kilomita 5. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai da shugabanci mai iya tara jama'a da ciyar da su.

Sai dai akwai wani abin lura. Babbar ƙofar birnin, wadda a yau ake kira Ƙofar Rebout, faɗinta ya kai mita 20. Duk wanda ya san yaƙi ya san ƙofa mai wannan faɗi tana da wuyar tsarewa. A ganinmu, kamar yadda masana da dama suka nuna, ganuwar Bibrakte ba don tsoron maƙiyi kaɗai aka yi ta ba. An yi ta don nuna isa, da kuma don kowane fatake da amalankensa su bi ta wuri guda inda za a ƙirga kayansu a karɓi abin da ake karɓa.

Da an shige ƙofar, sai a faɗa unguwar masu sana'a a gefen babbar hanya. A nan aka tono maƙeru na maƙeran baƙi da na maƙeran fari, da wuraren zubin tagulla, da na masu narka wani jan gilashi suna liƙa shi a kan kayan doki da ƙusoshin ado. Ana buga kuɗi a birnin, kuma azurfar Eduwi an daidaita nauyinta da na kuɗin Rum don ciniki ya yi sauƙi. A tsakiyar gari akwai wani kwamin ruwa na jan dutse, mai siffar kwalekwale, tsawonsa kamar mita 10, wanda aka gano a 1987, kuma an lura cewa an daidaita shi da mafitar rana a ranar da ta fi gajarta a shekara. Dutsen kansa yana da idanun ruwa da dama, kuma a ɗaya daga cikinsu an sami kuɗaɗe da mutane suka riƙa jefawa don neman biyan bukata bisa al'adarsu.

Abin da ya fi kome yawa a ƙasar Bibrakte shi ne fasassun tuluna. Tuluna ne dogaye masu hannu biyu da ake zuba giyar inabi a ciki daga Italiya, a ɗauko su ta teku, a biyo kogin Rhône da Saône, sa'an nan a hau da su dutse a kan amalanke. Yawansu ya kai har da katangarsu ake daɓe tituna. Wani marubucin Girka mai suna Diyodoras ya ruwaito cewa fataken Italiya sukan karɓi bawa guda a madadin tulu guda. Ko da ya yi ƙari, maganar tana nuna irin abin da ke fita daga ƙasar a madadin abin da ke shigowa. Manyan gari suna shan abin da aka yi a wata ƙasa, suna biya da mutanensu da hatsinsu da ƙarfensu.

Wa da ƙane, da baƙon da aka gayyato

Tsarin mulkin Eduwi yana da ban sha'awa. Ba su da sarki mai gado. Kowace shekara ana zaɓen shugaba guda mai laƙabin bergobret, wanda yake da ikon yanke hukuncin kisa, amma doka ta hana shi fita daga iyakar ƙasar muddin yana kan mulki. Haka kuma doka ta hana mutum biyu daga gida ɗaya su riƙe wannan muƙami matuƙar na farkon yana raye, ba a ma yarda su zauna a majalisa tare ba. Duk wannan don kada wani gida ya mayar da mulki gadonsa. Amma doka a baki daban, ƙarfin dukiya daban.

Tun cikin ƙarni na 2 kafin Miladiyya Eduwi suka ƙulla amana da Rum, har Majalisar Dattawan Rum tana kiransu 'yan uwa na jini. Amanar ta kawo musu ciniki da ɗaukaka, ta kuma jawo musu ƙiyayyar maƙwabta, musamman Sekwani, waɗanda suke jayayya da su a kan kuɗin fito na kogin Saône. Sekwani suka ɗauko hayar wani sarkin Jamusawa mai suna Ariyobistas, ya yi wa Eduwi mummunan kaye. A nan ne gidan wasu 'yan uwa biyu ya rabu. Babban, Dibisiyakas, malamin duruwid ne, ya tafi har birnin Rum neman gudunmawa, ya sauka a gidan shahararren mai hikimar nan Sisero, wanda ya ambace shi a rubuce-rubucensa. Ƙaramin, Dumnoriks, attajiri ne wanda ya saye hakkin karɓar haraji da kuɗin fito na shekaru da yawa a kan farashi kaɗan, domin in ya taya ba mai iya tayawa a bayansa. Yana da dawakai da mahayansa na kansa, kuma ba ya ƙaunar Rumawa ko kaɗan. An tono kuɗaɗe masu ɗauke da sunansa.

A shekara ta 58 kafin Miladiyya ƙabilar Helbeti, daga ƙasar Suwizalan ta yau, suka taso da matansu da 'ya'yansu za su yi ƙaura zuwa yamma, hanyarsu kuwa ta ratsa gonakin Eduwi. Eduwi suka kira Kaisar. Ya zo, amma hatsin da aka yi masa alkawari ya ƙi isowa, har shugaban wannan shekara, Liskas, ya tona masa cewa Dumnoriks ne yake hana ruwa gudu. Da abinci ya kusa ƙare wa rundunarsa, sai Kaisar ya juya ya nufi Bibrakte, wanda ya bayyana a matsayin mafi girma da wadatar garuruwan Eduwi. Helbeti suka zaci gudu yake yi, suka bi shi, aka gwabza a kudu da birnin, ya ci su. Shi ya ce mutum 368,000 suka fito, 110,000 suka koma gida. Masana na yanzu suna ganin ya kumbura lissafin.

Baƙon da aka kira don ya kori wani baƙo bai koma ba. Shekara takwas ya yi yana cin ƙabilun Galiya ɗaya bayan ɗaya, da dawakin Eduwi da hatsinsu. A shekara ta 54, da zai ƙetara zuwa Birtaniya, ya tilasta wa manyan ƙasar su bi shi don kada su tayar da ƙura a bayansa. Dumnoriks ya ƙi, ya sulale da mahayansa, aka bi shi aka kashe shi yana ta ɗaga murya cewa shi ɗa ne ba bawan kowa ba.

Shekara ta 52 ita ce shekarar da sunan Bibrakte ya shiga tarihi sosai. A farkonta mutum biyu, Konbiktolitabis da Kotas, kowa ya ce shi aka zaɓa shugaba, gari ya rabu biyu, kowa ya wasa takobi. Maimakon su sasanta a gida, sai dattawa suka kai ƙara wurin Kaisar. Da yake doka ta hana shugaba fita ƙasar, Kaisar ne ya zo da kansa garin Desetiya, ya tara majalisa, ya ba Konbiktolitabis gaskiya. Ba a daɗe ba wannan da ya naɗa ya juya masa baya. A lokacin wani saurayi daga ƙabilar Arberni mai suna Bersinjetoriks ya riga ya tayar da tawaye, ya kuma kunyata Kaisar a Jergobiya. Eduwi suka ga iska ta juya, suka auka wa sansanin Rumawa da ke bakin kogin Loire, suka kwashe kuɗi da dawaki, suka aika da mutanen da Kaisar yake riƙe da su a matsayin jingina zuwa Bibrakte.

A kan wannan dutse aka kira taron dukkan Galiya. Ƙabilu uku ne kawai ba su halarta ba. Eduwi sun so a ba su jagorancin yaƙin tunda a gidansu ake taro, amma da aka bar wa jama'a zaɓi, sai kowa ya tabbatar da Bersinjetoriks. Masu masauki suka bi, rai a ɓace. Ƙarshen abin sananne ne: Kaisar ya yi wa Bersinjetoriks ƙawanya a Alesiya, rundunar ceto ta zo, wadda aka ɗora wa Eduwi da mabiyansu kawo mutum 35,000 a cikinta, ta kasa fasa shingen. Bersinjetoriks ya miƙa wuya, aka tsare shi shekara shida, aka kashe shi a Rum a shekara ta 46. Su kuwa Eduwi, Kaisar bai taɓa birninsu ba. Ya mayar musu da Arberni kamammu kusan 20,000, ya kuma zaɓi ya yi hutun hunturu a Bibrakte. Masana da yawa suna ganin a nan ne ya kammala littafinsa na yaƙin Galiya, wanda har yau ɗaliban Latin suke karantawa.

Saukowa

Wanda ya zaci cin ƙasar ne ya kashe birnin ya yi kuskuren lissafi, domin shekarun da suka biyo baya su ne na bunƙasarsa. Aka fara gini da dutse da farar ƙasa, aka yi rufi da jan bulo maimakon ciyawa da katako. Aka gina dandali da babban zauren shari'a irin na Rum, wanda yana cikin mafiya daɗewa da aka gano a wannan sashe na Turai. Manyan gari suka gina gidaje irin na Italiya. Ɗaya daga cikinsu faɗinsa ya kai murabba'in mita 3,500, da tsakar gida mai ginshiƙai da ɗakunan wanka.

Sai wajen shekara ta 15 kafin Miladiyya, a zamanin Sarki Agustas, aka shata sabon birni a fili, bakin kogin Arroux, kilomita 25 gabas da dutsen. Aka sa masa suna Agustodunum. Rabin sunan na sarkin Rum ne, rabin kuma, wato dunum, kalmar Kelt ce mai nufin birni mai ganuwa. Shi ne garin Autun na yau. Titunansa a miƙe, ganuwarsa kilomita 6 da manyan ƙofofi huɗu, biyu daga cikinsu suna nan tsaye har yanzu. Daga baya aka yi masa dandalin wasanni wanda yana cikin mafiya girma a ƙasar. Sababbin hanyoyin Rum ta nan suka bi, ba ta kan dutse ba. Majalisa ta koma can, shari'a ta koma can, masu kuɗi suka bi, maƙera suka bi masu kuɗi.

Masu tonon ƙasa ba su sami alamar ƙonewa ko rushewar yaƙi a wannan zango ba. Abin da suka samu shi ne gari da ya yi ta raguwa cikin 'yan shekaru gomomi, har kurmi ya rufe shi. Kuma in za a yi adalci, waɗanda suka sauka ba su yi asara ba. A shekara ta 21 Miladiyya 'ya'yan manyan Galiya a makarantun Autun suke karatu. A shekara ta 48 Sarki Kalaudiyas ya buɗe wa manyan Galiya ƙofar Majalisar Dattawan Rum, kuma Eduwi aka fara ba wa. Har ma akwai wani ɗan garin mai suna Yumeniyas, wanda ya yi aiki a fadar sarki, da aka naɗa shi shugaban makarantar Autun a ƙarshen ƙarni na 3, ya nemi izini a zuba albashinsa gaba ɗaya wajen sake gina makarantar da yaƙi ya lalata. Muna fata masu riƙe da littafin gudunmawar ƙungiyarmu za su karanta wa wasu wannan layi da babbar murya.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Muna da birane da yaƙi ya mayar kufai, kamar Alkalawa ta Gobir da ta faɗi a 1808. Muna da Surame, wadda Kanta na Kabi ya gina da ganuwar dutse, ita ma aka tashi aka bar ta. Amma yawancin kufan da ke bayan garuruwanmu ba takobi ne ya yi su ba. Da hare-hare suka ƙare a farkon ƙarni na 20, mutanen da suka fake a kan duwatsu suka sauko kusa da gonaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwanni suka bi tasha. Da aka shimfiɗa kwalta, unguwanni suka koma bakin titi. Daga nan kuma makaranta da aikin albashi suka kwashe mu zuwa birane. Ba wanda ya kore mu, kuma kowane ɗayanmu yana da hujja mai kyau, daidai da irin hujjar maƙerin da ya naɗe zugazuginsa ya bar Bibrakte. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yadda aka manta, da yadda aka tuna

Abin da ya rage a kan dutsen kaɗan ne. Akwai wani ɗakin bauta na zamanin Rumawa a ƙololuwa, wanda daga baya aka gina ƙaramar majami'a a gurbinsa da sunan Waliyyi Martin. Wasu 'yan zuhudun Kirista sun zauna a can na 'yan ƙarnoni. Sai kuma wata kasuwar shekara-shekara da take ci a Larabar farko ta watan Mayu, inda manoma da makiyaya daga ko'ina a yankin suke hawa dutsen da dabbobinsu, su yi ciniki, su ziyarci idanun ruwa, su sauko. Ɗaruruwan shekaru ana haka. In aka yi tunani, babu dalilin da zai sa a kai kasuwa kan dutse mai sanyi inda ba kowa, sai dai in ƙafa ce take bin hanyar da ta saba tun kaka da kakanni. Ƙauyawan yankin kuma suna faɗa wa 'ya'yansu cewa da can akwai babban birni a sama. Sunan ma bai ɓace ba, ya lanƙwashe ne kawai a baki, daga Bibrakte ya zama Beuvray.

Masu ilimi kuwa ba su saurari ƙauyawa ba. Malaman Autun sun haƙiƙance cewa garinsu shi ne Bibrakte da aka sauya wa suna, kuma suna da abin kafa hujja, domin a ƙarni na 17 an tsinci wani rubutu a Autun mai ambaton abar bauta mai suna Bibrakte. Ban da haka akwai son kai irin na 'yan birni: wa zai yarda a ce birnin da Kaisar ya yaba yana can cikin daji wurin masu kiwon shanu?

Wanda ya warware wannan ba farfesa ba ne daga Paris. Ɗan garin Autun ne, ɗan kasuwa mai sayar da giyar inabi (sana'ar da ba tamu ba, amma ita ce ta ƙasarsu), sunansa Jacques-Gabriel Bulliot, an haife shi a 1817. Mamba ne na wata ƙungiyar 'yan gari mai suna Ƙungiyar Eduwi, wadda aka kafa a 1836 don kula da tarihi da ilimin yankin. A 1851 ya hau dutsen don nazarin tsohuwar majami'ar, sai ya lura da wasu dogayen tudun ƙasa da suka zagaye ƙololuwar. Da farko ya ɗauka sansanin sojan Rum ne. Da ya yi ta komawa yana aunawa, sai ya gane ganuwar birni ce, ya fito ya ce nan ne Bibrakte. 'Yan ƙungiyarsa suka yi masa dariya, wasu ma suka ga kamar ya ci amanar garinsu. Duk da haka a 1861 suka zaɓe shi shugaba, ya kuma riƙe muƙamin har rasuwarsa.

Sa'arsa ita ce Sarki Napoleon na Uku yana rubuta tarihin Kaisar a lokacin, yana son a gano wuraren da aka ambata. A 1867 ya ba Bulliot kuɗin tono. Sarautar Napoleon ta faɗi a 1870, amma aikin bai tsaya ba. Daga 1867 har 1895 Bulliot yana hawa dutsen duk bazara da leburorinsa 'yan ƙauyukan gindin dutsen, har ya gina ɗan gida a can sama. Ya tono ganuwar da ƙusoshinta, da maƙerun, da gidajen manya, yana aunawa yana zanawa yana rubutawa a littattafan aljihu. Kuɗaɗe da tukwanen da suka fito sun nuna cewa rayuwar birnin ta tsaya daidai lokacin da ta Autun ta fara, musu ya ƙare. Ƙungiyar kuwa a 1878 ta sayi wani tsohon gida a Autun ta mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Ya rasu a 1902, aka kafa masa dutsen tunawa a ƙololuwar Beuvray.

Joseph Déchelette, wanda ɗan uwa ne a gare shi, kuma shi ma daga gidan 'yan kasuwar masaƙa ya fito, shi ya ci gaba da aikin har 1907. Shi ne ya jera kayan Bibrakte kusa da na Stradonice a ƙasar Cek, da Manching a Jamus, da Velem a Hangari, ya nuna cewa kusan iri ɗaya ne, wato al'umma ce guda mai birane masu kama da juna a faɗin Turai kafin zuwan Rumawa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke ya nemi a tura shi fagen fama duk da shekarunsa 52, aka kashe shi a watan Oktoba na 1914. Daga nan kurmi ya sake rufe wurin har kusan shekara saba'in.

Mu a nan ya kamata mu tambayi kanmu wane ne yake yi mana irin wannan aiki. Tsofaffin da suka san inda kowace unguwa take a kufan kan dutse, da inda marina take, da ƙofar da ake fita da amarya, suna ƙarewa kowace shekara. Masu fasa dutse suna cin gindin duwatsu da nakiya, masu bulo suna ɗibar ƙasar ganuwa da tifa, abin da ko ganuwar Kano mai suna a duniya ba ta tsira daga gare shi ba. Bibrakte ta yi sa'a daji ne ya rufe ta, daji kuwa yana ajiya.

Wanda ya sake buɗe aikin shi ma ɗan yanki ne ta wata fuska. François Mitterrand ya yi shugabancin garin Château-Chinon, da ke kusa da dutsen, daga 1959 zuwa 1981, kafin ya zama shugaban Faransa. A 1984 aka koma tono, a 1985 ya hau dutsen ya ayyana shi wurin tarihi na ƙasa, a 1995 ya buɗe gidan tarihin da aka gina a gindinsa, tare da cibiyar bincike a ƙauyen Glux-en-Glenne. Ya so ma a binne shi a can, har aka sayar masa da ɗan fili, amma surutu ya yi yawa a jaridu, aka fasa, da ya rasu a Janairun 1996 aka kai shi Jarnac, garin haihuwarsa. Tun daga lokacin jami'o'i daga ƙasashen Turai daban-daban suke turo malamai da ɗalibai su yi tono, an kuma sake gina wani sashe na Ƙofar Rebout da itace da dutse da ƙusa kamar yadda masu ita suka yi. Duk da haka kaso kaɗan ne na birnin aka buɗe.

Littattafan aljihun Bulliot suna ajiye a gidan tarihi na Roanne, garin su Déchelette. Rubutun hannunsa yana da wuyar karantawa, ga zane-zane da lissafin awo a gefen shafi. A 2019 aka kira masu sa kai, ciki har da mazauna yankin, aka haɗa su da na'urar kwamfuta mai koyon karanta rubutun hannu, suka zauna suna kwafe littattafan shafi bayan shafi, domin masu tono na yanzu su san inda ya haƙa da abin da ya gani kafin a mayar da ƙasa.